Yadda Wule Ta Tashi

Alhamis: Minna zuwa Kontagora

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na fito daga gida, jaka a baya. Hadiza, matata, ta rako ni bakin ƙofa da fitilar waya, tana tambaya ko na ɗauki cajar kwamfuta. Na duba sau uku tun a ɗaki, amma na sake dubawa. Ta ce, "Wanda ya gan ka sai ya ce gaban alƙali za ka." Kusan hakan ne kuwa.

Ni malamin zane ne a wata makarantar sakandare a Minna. In an tashi nake zama in yi katun, wato zane mai motsi, irin na hannu: takarda bayan takarda, sai ka zana goma sha biyu kafin ka sami daƙiƙa ɗaya. Wata goma sha huɗu na kwashe a kan fim na minti shida game da saniya guda, sunanta Wule. Mai ita shi ne Baffa Jauro, wani dattijo Bafulatani da aka kore wa garke a dajin Kasuwan Garba shekara uku da suka wuce, yanzu yana zaune a rugar surukinsa kusa da Salka. A asibiti muka haɗu, lokacin da nake jinyar ƙanena, gadonsu kusa da juna. Ba shi da hoton Wule ko ɗaya. Da baki ya kwatanta mini ita, na ɗauki muryarsa a waya, bisa sharaɗi guda: shi zai fara gani, in ba saniyarsa ba ce, ba wanda zai gani bayansa. Na ce na yarda, har da dafa ƙirji. To, ga shi an sa fim ɗin cikin waɗanda za a nuna a wani ɗan bikin gajerun finafinai a Kontagora ranar Asabar, ni kuwa ranar Talata na gama shi, Baffa bai sa shi a ido ba.

A tasha na yi sallah, na sha koko da ƙosai. Kuɗin mota naira dubu takwas, kujerar gaba, mu biyu a matse. Ƙarfe shida da minti ashirin muka ɗaga. Direban, wani mai suna Ɗanjuma, ba ya son shiru. Kafin mu kai Zungeru ya san sunana, da aikina, da yawan 'ya'yana.

"Malam, katun irin na yara?"

"Irin na manya."

Ya dube ni ta gefen ido. "Allah Ya shirya."

Ƙarfe takwas saura muka tsallake kogin Kaduna a Zungeru, masu soyayyen kifi suka yi wa motar caa. Ban iya cin komai ba. Daga Tegina, wajen ƙarfe tara, surutu ya mutu a motar, har na Ɗanjuma. Kowa ya san hanyar nan, kowa idonsa na kan daji. Shinge biyar na ƙirga tsakanin Tegina da Kontagora. A na uku wani soja ya sa na buɗe jaka, ya ga kwamfuta da damin takardu.

"Kai ɗan jarida ne?"

"A'a, ranka ya daɗe. Shanu nake zanawa."

Da jin shanu ya gyara tsayuwa. Sai da na ɗauko littafina na bi shafukan da babban yatsa, Wule ta kaɗa wutsiya a gabansa, sannan ya yi dariya, ya ce in sake. Na sake sau biyu, mutanen mota suna harara ta.

Sha ɗaya da rabi muka shiga Kontagora, tafiyar kusan kilomita ɗari biyu. Na hau acaɓa zuwa zauren da aka ara don bikin. Can na sami Anti Rifkatu, wadda ta shirya taron, a kan tsani tana toshe taga da baƙin ƙyalle. Badukkiya ce, 'yar wata ƙabila ta yankin, ita ma mai ɗaukar bidiyo, kuma ba ta iya magana a zaune. Ta zaga da ni. A ɗaki ɗaya talabijin uku a jere, kowace tana nuna hannun mace tana casar dawa, ba fuska, ba magana. A wani ɗakin majigi yana haska ruwan rafi a kan tabarma, masu shara suna kewaye shi don kada su taka.

"Naka na ƙarfe huɗu da rabi ne, Asabar," in ji ta. "Kawo in kwafa."

Na ce sai mai saniya ya gani.

"Malam Nasiru, sunanka yana jikin fosta a kasuwa. In tsohon nan ya ce a'a fa?"

Na ce ba zai ce ba. Na faɗa da ƙarfi fiye da yadda ya kamata.

Ta sauke ni a wani masauki bayan zauren, ɗaki mai gado ɗaya da taga mai faɗin gilashi. Na ci tuwon dawa da miyar kuka a wajen wata mai abinci, na kalli fim ɗina sau huɗu, duk lokacin yana ƙara yi mini kyau.

Juma'a: Salka

Ƙarfe bakwai na sami motar Salka, naira dubu biyu da ɗari biyar, ni da buhunan taki da wata mata mai kaji. Muka bi ta Ibeto, dawa ta yi kai hagu da dama. Tara saura kwata na sauka. Wani magidanci Bakambare, Malam Tanko, ya ɗauke ni a babur zuwa rugar, minti ashirin da biyar ta cikin gonaki. Ya ce in har ina so in koma Kontagora yau, to kafin ƙarfe huɗu in bar dajin, bayan haka shi ba ya ɗaukar kowa.

Baffa Jauro yana zaune a gindin kaɗanya, ya ƙara ramewa, sandarsa a kan cinya ko da yake ba abin da yake kora. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ni ina ta taɓa jaka. Sai da aka kawo fura da nono na sha sannan ya ce, "To, ɗana, ina ita?"

Muka shiga bukka don duhu. Na ɗora kwamfuta a kan turmi. 'Yarsa da wasu mata biyu suka tsaya a bakin ƙofa.

Fim ya fara. Ga Wule, ja, mai farin goshi, ƙaho ɗaya ya ɗan karkace ciki, kamar yadda ya faɗa. Muryarsa tana fita daga kwamfutar, yana ba da labarin ranar da aka haife ta cikin ruwan sama. Baffa ya matso. Na ga leɓensa yana motsi. 'Yarsa ta sa bakin zane a ido. Ni kuwa raina fes, har na fara shirya abin da zan ce wa Anti Rifkatu.

A minti na huɗu Wule tana kwance a inuwa tana tuƙa. Sai ta miƙe ƙafafun gaba, ta ɗaga ƙirji, sannan bayanta ya biyo.

Ɗaya daga cikin matan ta ƙyalƙyale da dariya, ta toshe baki ta gudu. Baffa bai yi dariya ba. Ya ja baya, ya ce, "Mayar."

Na mayar. Ta sake tashi.

"Wannan jaki ne," in ji shi.

"Baffa, jaki kuma?"

"Jaki da doki ke tashi ta gaba. Saniya ta baya take tashi. Tana durƙushe a kan gwiwa, ta ɗaga ƙugu, sannan ta taka. Ɗana, kai ba ka taɓa ganin saniya ta tashi ba?"

Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Na sha nono duk rayuwata, na zana ƙaho ya fi dubu, amma ban taɓa tsayawa na ga saniya ta tashi ba. Jakin masu yashi da ake ɗaurewa a bayan gidanmu na kalla, na ce duk mai ƙafa huɗu ai ɗaya ne. Na tambayi Baffa launin ido, da tsawon wutsiya, da kukan da take yi. Wannan ban tambaya ba, shi ma bai faɗa ba, don a wurinsa ba abin faɗa ba ne.

Na fara kame-kame. Na ce daƙiƙa huɗu ce kawai, mutanen gari ba za su lura ba.

"Ni na lura," ya ce. "An ɗauke ta da rai. Ba za a nuna ta ga mutane tana tashin jaki ba."

Na ce in cire wurin gaba ɗaya. Ya ce to a kwance za ta tabbata ke nan? Na yi lissafi. Daƙiƙa huɗu, zane arba'in da takwas, kuma gobe ƙarfe huɗu da rabi.

Shanun surukinsa, guda tara, sun riga sun fita kiwo. Muka bi su fadama, tafiyar minti arba'in, tsoho a gaba, ni ina haki a baya. Wajen sha biyu suka kwanta a inuwar ɗorawa. Na saita waya a kan wata farar saniya, na ɗauki tsakuwa zan jefa mata. Baffa ya riƙe mini hannu.

"In ka tashe ta, tashin tsoro za ta yi. Wule ba ta taɓa tashin tsoro ba sai rana ɗaya."

Na yar da tsakuwar.

Ban taɓa sanin saniya tana da haƙuri haka ba. Minti talatin, awa ɗaya, tana tuƙa, ni ina duba agogo. Na juya in kori ƙuda, wata baƙa ta tashi a bayana, ban gani ba. Na koma kan wata, batir ya nuna ja, na kashe waya in tanada, ita ma ta tashi. Na ji kamar in yi kuka. Muka yi azahar a nan cikin ciyawa, Juma'a ta wuce ni. Biyu da kwata surukin ya zo, Baffa ya ce masa wani abu da Fillanci, surukin ya yi wani ɗan kira daga maƙoshi. Farar ta daina tuƙa, na yi maza na kunna waya. Ta jefa kai gaba, ta hau gwiwa, ƙugu ya tashi sama, ta tsaya haka ɗan lokaci kamar mai gaida surukai, sannan ta taka da dama, ta taka da hagu, ta yi miƙa.

"Haka," in ji Baffa. "Amma Wule da hagu take fara takawa. Ƙaya ta taɓa shiga damanta tana maraƙa."

Na rubuta a tafin hannu. Na ce yaya zan yi ya gani kafin mutane? Ya ce gobe zai hau motar Kontagora. Huɗu saura minti goma Malam Tanko ya same ni a bakin ruga yana ta danna ham. Shida saura kwata ina Kontagora.

Anti Rifkatu ta saurare ni tana ɗaure wayar lantarki. Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi faɗa ciwo. Ta ce za ta mayar da ni na ƙarshe, biyar da rabi, daga nan ba ta da wani wuri. A gida ina da akwatin gilashi mai fitila da nake ɗora takarda a kai don in ga zanen baya. A nan ba ni da shi, sai na manna takardu a gilashin tagar masauki, na zana a tsaye. Bakwai na yi kafin rana ta faɗi.

Asabar: Kontagora

Shida da kwata haske ya shigo taga, na koma tsaye. Ina duba farar saniya a waya, ina zana Wule. Kafaɗa ta riƙe, wuya ya ƙage. Wajen goma na gane na sa damanta a gaba, na yaga takarda biyar. Mai sharar masaukin ta leƙo ta ga mutum ya manna fuska a taga, ta ja ƙofar a hankali ta tafi. Daga zauren ina jin tafi, ana nuna na wasu. Ban ci komai ba sai gyaɗa.

Uku da minti goma na ajiye fensir a kan ta arba'in da takwas. Batun fenti bai ma taso ba, kowace takarda tana cin minti ashirin kafin ta bushe. Na ɗauki hotonsu ɗaya bayan ɗaya da waya, na jera su a kwamfuta. Ga yadda abin ya fito: Wule ja ce a kwance, da ta fara tashi sai launin ya ɓace, ta zama zanen fensir a kan farar takarda, har da sawun abin gogewa, sai ta miƙe tsaye sannan jan ya dawo. Na kalla sau ɗaya, zuciyata ta ce wannan ma ba zai karɓa ba.

Ƙarfe huɗu ba Baffa. Biyar saura ba Baffa. Na yi sawu shida tsakanin zaure da bakin titi. Anti Rifkatu ta ce in saka kawai, ai na gyara abin da ya ce. Na ce ba zan iya ba. Ta ce to in shirya abin da zan gaya wa mutanen da suka cika mata zaure.

Biyar da minti ashirin da biyar acaɓa ya sauke shi, da malafa, da sanda, ƙura har gira. Motarsu ce ta lalace a Ibeto. Na ce mu shiga ɗakin ajiya ya gani tukuna. Ya leƙa zauren, ya ga jama'a a zaune, ɗalibai, da 'yan kasuwa, da wasu baƙi daga Abuja, da Fulani huɗu ko biyar a can baya.

"Kada a tsayar da mutane," ya ce. "Zan zauna bakin ƙofa. In ka ga na tashi, ka kashe."

Aka kashe fitilu. Na zauna kusa da majigi, yatsana a kan maɓallin tsayarwa, idona ba ya kan allo, yana kan malafa. Minti ɗaya. Minti biyu, zaure ya yi tsit, muryarsa kawai ke tashi. Minti uku, wani a baya ya gane irin saniyar, ya ce, "Wannan ai rahaji ce," aka ce masa ya yi shiru. Minti huɗu, Wule tana kwance tana tuƙa.

Sai na ji kiran nan na maƙoshi, ba daga lasifika ba, daga bakin ƙofa. A kan allo Wule ta jefa kai gaba, launi ya zube, ƙugu ya tashi.

Baffa Jauro ya miƙe tsaye.

Na danna. Hannuna ne ya yi, kafin ni. Wule ta ƙame a kan gwiwa, fensir tsantsa, baya a sama. Mutane suka fara waige-waige. Na ji wata goma sha huɗu sun zube mini a ƙasa, na fara neman kalmar haƙurin da zan ba zaure.

"Wa ya ce ka tsayar da ita?" in ji Baffa. Bai ɗaga murya ba, amma kowa ya ji.

"Baffa, ka ce in ka tashi..."

"Ita ce ke gaban garke. In ta tashi, ni ma tashi nake yi. Bar ta ta ƙarasa."

Na saki. Ta taka da hagu, ta taka da dama, ta yi miƙa. Fulanin da ke baya su ma suka miƙe. Sauran minti biyun a tsaye Baffa ya kalle su, ya dogara sanda, har Wule ta shige cikin dogayen ciyawa, muryarsa a lasifika tana cewa bai san inda take ba.

Bayan an kunna fitilu wata baƙuwa daga Abuja ta tare ni, ta ce cire launin nan ya fi komai burge ta, yaushe dabarar ta zo mini? Na ce jiya, a fadama, kuma ba dabara ba ce, lokaci ne ya ƙure. Ba ta yarda ba. Anti Rifkatu ta wuce da tsani a kafaɗa, ta ce, "Malam Nasiru, je ka ci abinci kafin ka faɗi mini a nan."

Na sami Baffa a waje yana alwala. Na ce ya yi haƙuri, da na koma gida zan shafa wa wurin fenti.

"Kada ka shafa mata komai," ya ce. Ya ƙarasa wanke ƙafa. "Shekara uku ke nan. In na rufe ido, jan nata ya fara ɓace mini. Tashin ne bai ɓace ba."

Ya ce in nuna masa takardun. Ya bi su ɗaya ɗaya da yatsa mai jiƙa, ya tsaya a kan ta talatin da ɗaya, inda hagun ta fara taɓa ƙasa. Bai roƙa ba, ni ma ban jira ba, na miƙa masa. Ya ninke ta huɗu ya sa cikin malafa. A gidan wani danginsa ya kwana, ban sake ganinsa ba kafin in taso.

Lahadi: gida

Shida da rabi muka bar Kontagora, shingayen nan biyar suna nan inda na bar su. A Zungeru na sayi kifi na dubu biyu, na cinye rabi tun kafin mu bar gari. Sha biyu da minti goma na yi sallama a gida. Hadiza ta dube ni ta ce, "Alƙalin ya sake ka?" Na ce ya sake ni, amma sai da ya gwada mini ban san komai ba.

Ina gode wa Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya a kan wannan hanya. Ina gode wa Anti Rifkatu da ta jira ni har minti na ƙarshe, da Malam Tanko da bai tafi ya bar ni a daji ba, da surukin Baffa, da farar saniyarsa. Jakin masu yashi kuwa ba shi da laifi, yadda Allah Ya yi shi yake tashi.

Da la'asar na zuba takardun a kan tebur, arba'in da bakwai, kusa da akwatin fenti. Hadiza ta tambaya ko in ta kawo mini ruwan wanke buroshi. Na ce ta bar shi. Na bi su da babban yatsa, Wule ta hau gwiwa, ta ɗaga ƙugu, ta ɗan yi tsalle a wurin da babu takarda, domin wannan takun yana Salka, cikin malafa.